Tambayi Likita: zaren da ke auna motsin jiki, da ɗamarar "nano" ta kasuwa

Wani ɗalibi daga unguwar Zariya: Likita, wai akwai zaren da ke gane motsin mutum?

Akwai. Zare ne mai talewa irin robar ƙugun wando, ana shafe shi da ƙwayoyin kabon (sinadarin gawayi) ko wayoyin azurfa da suka fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Ƴar wutar batir ke bi ta cikinsa. In ya miƙe, ƙwayoyin su rabu, wutar ta ragu. In ya koma, su sake haɗuwa. Wannan canjin na'ura ke karantawa. A gwiwa yana nuna iyakar lanƙwasawa, a ƙirji yana ƙirga numfashi.

Wani tela: Yana jure wanki?

Da ƙyar. Cuɗa na ɓamɓare shafin, gishirin gumi na cin azurfar, zafi irin namu na karkatar da awon. In an yi ta jansa kuma ba ya komawa daidai.

Wata uwa daga Madarumfa: Zai gaya mini in numfashin jaririna ya ɓaci?

Kada ki jira na'ura. Ɗaga rigarsa ki ƙirga minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, sai asibiti.

Wata daga Tibiri: Maigidana ya sayi ɗamarar "nano", an ce tana sauke hawan jini. Ya bar shan magani.

Subhanallahi! Hajiya, ko zaren gaskiya da masana ke ƙerawa ma'auni ne kawai. Tiya ba ta ƙara gero a rumbu. Ba ya tura komai cikin jiki, balle ƙyallen da babu batir babu waya, sai sunan "nano", wato abu ƙanƙane ƙwarai irin ƙwayoyin zaren nan, da aka liƙa masa don ya yi tsada.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda na cin wuya. Cikin kwanaki da barin magani jinin kan koma sama, shi kuwa ya ɗauka ɗamara ce ke aiki tunda kansa bai yi ciwo ba.

Ki lallashe shi ya koma kan maganinsa, ya je asibiti gobe a auna shi. In ya kai 140 bisa 90, likita ya duba. In kuwa bakinsa ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya shafe-shafe, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai iya shaƙewa.