Ku Tambaya Mu Amsa: Jaridun damben da na tsinta a akwatin Baba, kuɗi ne ko tarkace?

Salamu alaikum Malam. Bayan rasuwar Babanmu mun buɗe akwatin ƙarfensa sai ga tsofaffin New Nigerian cunkus, har da ta 1974 mai labarin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ƙanina ya ce ya gani a intanet turawa na gwanjon irinsu da daloli, ita kuma Hajiya ta ce a ba mai ƙosai kawai. Don Allah ya abin yake?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, amma dai a ba Hajiya haƙuri, mai ƙosai ta nemi takarda wani wajen.

Ƙaninka bai yi ƙarya ba, kamfanoni irin Heritage Auctions na Amurka suna gwanjon tsofaffin jaridu, a kasuwar intanet ta eBay ma ana sa su. Sai dai fa cikin abubuwan da masu sayen ke bi har da rigimar launin fata da ke cikin labarin. Ka ga Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun damben duniya na masu nauyi a 1908, turawa abin ya tsaya musu a wuya har suka je suka lallaɓo tsohon zakara farar fata Jim Jeffries daga ritaya wai ya ƙwato musu mutunci, aka gwabza a Reno ran 4 ga Yuli 1910, Johnson ya lallasa shi a zagaye na 15, daren nan rikici ya ɓarke a garuruwa aka kashe mutane, yawanci baƙaƙe. Jaridun lokacin wasu har da zanen izgili da kalaman cin mutunci a shafin gaba, yau kuma su ake rububi, ni dai abin na min wani iri wallahi. Haka damben Joe Louis, baƙar fatar Amurka, da Max Schmeling ɗan Jamus a 1938, zamanin Hitila, wanda ko zagayen farko bai ƙare ba.

Taka ta Ali, damben Kinshasa ne na 30 ga Oktoba 1974. Kar ka sa ran miliyoyi, jaridun shekarun nan an buga su da yawa. Abin da zai ɗaga ta shi ne bugun Kaduna ce, wadda ba kasafai ake samu a waje ba, in kuma cikakkiya ce, labarin na shafin gaba, gara ba ta ci ba. Ka ƙara bincika akwatin, in ka ci karo da wata jarida mai labarin damben Dick Tiger ɗan Nijeriya da Gene Fullmer ɗan Amurka a Ibadan 1963, ka riƙe ta gam.

Don Allah kar ka kai a yi musu lamineshin, kar ka liƙa salatif, duk suna kashe daraja. A shimfiɗe su a busasshen wuri nesa da rana da danshin damina, ka ɗau hotonsu da waya. Kafin ka biye wa wani dillali a Facebook, ka ɗauki guda biyu ka leƙa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna su duba maka.