Tsohon gadon jariri: kada ki ba da shi

Ƴar'uwa, kin ce gadon ya tsufa, gefensa na girgiɗi, kina tambaya ko ki ba maƙwabciyarki mai sabon goyo. Don Allah kada ki ba ta. In tazarar sandunan ta wuce santimita 6, jikin jariri kan zurare, kansa ya maƙale. Mai gefen da ke zamewa ƙasa kuwa, Amurka ta hana sayar da irinsa tun 2011.

Kai wa kafinta nan Maradi ya cire gefe guda, ya ƙarfafa ƙasan da katako, ya zama bencin tsakar gida. Gefen da aka cire ki jingina da bango, ki riƙa shanya zannuwa. In fentin na ɓarewa, hana yara kai shi baki, tsohon fenti kan ƙunshi gubar dalma.