Injin Janye Ruwa Ya Ƙone, Wanne Zan Sayo?

Tambaya: Injiniya, ina da ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidana da ke Hotoro, inda nake ajiye buhunan shinkafa. Injin da ke ramin tsotse ruwa ya ƙone a ruwan Agusta. Wani yaro a Sabon Gari ya ce in saka sumo irin na rijiyar burtsatse. Ya kake gani?

Amsa: Alhaji, kada ka biye wa yaron nan. Sumon burtsatse don ruwa mai tsabta aka yi shi. Ruwan raminka kuwa yashi ne da taɓo, nan da nan za su cinye masa fanka. Nemi wanda aka ƙera don ruwa mai datti.

Kafin ka fita, ciro mataccen, ka goge farantin da ke jikinsa mai ɗauke da bayanan injin, ka ɗauki hotonsa da waya. Inji mai ƙarfin rabin doki (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji) kan wadatar a gida, amma auna tsayi daga gindin rami zuwa bakin kwata, don iya tsayin, iya raguwar ruwan da zai tura.

Duba robar nan mai shawagi da ke kunna shi. Na taɓa ciro inji a Kurna, robar ta maƙale a bangon rami, ya kwana yana aiki babu ruwa har ya gasu. Sa bawul mai hana ruwa komowa ta bututu. Sai wuta: hadari na haɗuwa ake ɗauke ta, kuma injin kan ja wuta ninkin-ba-ninkin lokacin tashi, ƙaramin janareta ba lallai ya ɗauke shi ba. Buhunan nan kuma, a ɗora su kan katako.