Hukuncin gayyato sojojin waje da zamansu ya ƙi ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni daga Agadas nake, kullum sai mun yi gardama a wajen shayi kan sojojin Faransa da Amurka da suka zauna mana shekaru, wasu sun ce kawo su tun farko haramun ne wasu sun ce ai larura ce, yanzu kuma ga na Rasha. Sannan ƙanena yayi tuƙi a sansaninsu, ya matsayin albashin da ya ci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan'uwa wannan mas'ala ce tsohuwa, malamai na kiranta neman taimakon wanda ba musulmi ba a wajen yaƙi, kuma akwai saɓani. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa a hanyar Badar wani mushriki jarumi ya nemi ya bi rundunar, Annabi (SAW) ya mayar da shi yace ba zai nemi taimakon mushriki ba. Da wannan Malikiyya suka hana, sai dai a hidima, haka yake a Mukhtasar na Khalil. Amma kuma a yaƙin Hunaini Annabi ya ari sulke wajen Safwan bin Umayya tun bai musulunta ba, shi yasa Hanafiyya da Shafi'iyya suka halatta da sharuɗɗa, wato akwai buƙata ta gaske, an aminta ba za su ci amana ba, kuma ragamar yaƙin tana hannun musulmi.

Ni abinda na fi natsuwa da shi shine ya halatta in larura ta kai larura. A 2013 lokacin da masu ɗauke da makamai da suka kama Timbuktu da Gao tun 2012 suka doshi kudu, gwamnatin Mali ta kira Faransa, ba zan ce wanda ya kira yayi zunubi ba, wuta ce ta kama gida. Amma fa ƙa'idar fiƙihu tace larura ana auna ta ne da gwargwadonta, kuma abinda aka halatta saboda uzuri yana faɗuwa in uzurin ya gushe, kaga anan ne matsalar take. Wancan shiga ya rikiɗe ya koma rundunar Faransa mai suna Barkhane a 2014, sojoji har sama da 5,000 a Sahel, aka kai 2022 ana abu ɗaya, kuma ta'addancin da aka zo kashewa sai ya bazu ya shiga Burkina Faso da Tillaberi. A Janairun 2021 jirgin Faransa ya kai hari ƙauyen Bounti a Mali, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya yace fararen hula 19 ne suka mutu a wajen biki, Faransa ta musanta. Wannan jinin musulmi ne, wallahi duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba kotun ƙasar da zata iya kiran matuƙin jirgin ta tambaye shi. Sharaɗin ragama kenan ya faɗi.

Dubi Afghanistan kuma, ita ba ma gayyata bace, sojojin Amurka sun yi shekara 20 daga 2001, an kashe sama da dala tiriliyan 2, a Agustan 2021 Taliban ta koma Kabul. Ko fatawar manyan malaman Saudiyya ta 1990 da ta halatta kiran sojojin Amurka, wadda masu cewa larura ce suke kafa hujja da ita, saboda Saddam ya mamaye Kuwait aka bayar, an kore shi a 1991 amma sai 2003 akasarin sojojin Amurka suka bar Saudiyya.

Don haka hukuncin shine, zama mara wa'adi wanda ba a san aikin da za a gama a tafi ba, kuma ƴan ƙasa ba su da iko a kansa, bai halatta shugaba ya ci gaba da shi ba, wajibi ne ya horar da nasa sojojin ya sallami baƙi ta hanyar yarjejeniya. Faransa ta fice daga Nijar a Disambar 2023, Amurka ta bar sansanin Agadas a 2024, toh na Rasha ma da wannan ma'aunin zamu auna su, kar ƙin wani yasa mu rufe ido akan wani. Sannan duk wanda hukuma ta shigo da shi yana da amana, haramun ne wani ya ɗauki makami ya far masa, gyara ana neman sa ne da nasiha da magana ta gaskiya.

Shi kuma ƙanenka, in tuƙi ne kawai na ɗaukar kaya ko ma'aikata albashinsa halal ne ya ci abinsa, sai dai in ya san ya nuna wani gida ko wani mutum aka cutar da shi bisa zalunci, wannan sai ya tuba ya nemi yafiyar masu haƙƙi. Wallahu a'alam.