Dirin da mai gida yake ji, kai ba ka ji

"Maigida, an kira mu wani gida. Mai gidan ya ce wani diri yana hana shi barci, kamar an bar babbar mota a kunne can nesa, kuma ya fi tsananta bayan tsakar dare. Matarsa ba ta ji, yaransa ba sa ji, ni ma na shiga ɗakin na tsaya ban ji komai ba. Na kunna mitar sauti, ba ta wuce 30 dBA ba. In gaya masa kunnensa ne, ko akwai abin da ban duba ba?"

Ɗana, kada ka gaya masa haka tukuna. Da abu biyu ka dogara, kunnenka da wannan mitar, kuma a irin wannan aiki babu ɗayansu da za a yanke hukunci da shaidarsa.

Sauti kaɗawar iska ne, ana ƙirga shi da yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, shi ne Hz. Kunnen mutum yana kama daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, amma ba da sauƙi ɗaya yake kama su ba. A 1,000 Hz, desibel (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 ya isa a ji. A 100 Hz sai ya kai wajen 27, a 50 Hz wajen 44, a 20 Hz kuwa sai ya doshi 78 kafin mutum ya san da shi. Wannan lissafin matsakaicin kunne ne. Wani yana fara ji desibel 10 ƙasa da haka, wani sai an ɗara da 10. Sannan a can ƙasa ƙari kaɗan yana da nauyi: ƙarin desibel 5 yana iya ninka yadda ake jin sautin, alhali a sama sai an ƙara 10. To ka ga sauti ɗaya a ɗaki ɗaya zai iya zama bai kai iyakar jinka ba sam, shi kuwa bawan Allah ya cika masa kai.

Mitar kuma a ma'aunin A ka bar ta, shi ne dBA ɗin da ka karanta, wanda aka tsara shi don ya zubar da sautin ƙasa, wato mai kauri mai ƙarancin Hz. Yana zaftare desibel 19 a 100 Hz, 30 a 50 Hz, 39 a 31.5 Hz. Diri mai ƙarfin desibel 50 a 50 Hz, wanda kunne mai kaifi yake ji sarai, 20 kacal zai bayar a ma'aunin A, kuma yawancin ƙananan mitoci ba sa iya karanta abin da ya gaza 30. Mai yiwuwa 30 ɗin da ka gani ƙarshen mitar ne, ba ƙarfin ɗakin ba. Da mita mai kyau, auna da A ka sake aunawa da C, ma'aunin da ba ya zubar da sautin ƙasa sosai. Idan C ya ɗara A da desibel 20 ko fiye, sautin ƙasa ne ya mamaye ɗakin.

Ina ka tsaya da ka shiga? Na tabbata tsakar ɗaki ko bakin ƙofa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Raba 343 da Hz ka sami tsawon zangon kaɗawa ɗaya: na 50 Hz kusan mita 7, na 100 Hz mita 3.4. Idan tazarar bango biyu masu kallon juna ta yi daidai da rabin wannan tsawon, ɗakin yana riƙe sautin ya kumbura shi. Ɗaki mai faɗin mita 3.4 yana amsa 50 Hz, mai mita 4 yana amsa 43 Hz. A irin wannan ɗakin dirin yana taruwa a jikin bango da kusurwoyi, ya kusa ɓacewa a tsakiya, kuma bambancin yana kai desibel 20. Kai kana tsaye inda babu shi, da rana, gari yana hayaniya. Shi kansa yana kan matashi, taƙi ɗaya daga bango, da ƙarfe biyun dare. Ba wuri ɗaya kuka saurara ba. Ka koma a lokacin da yake ji, a rufe tagogi yadda yake rufewa, ka ajiye makirfo daidai inda kansa yake kwanciya, sannan a kusurwa biyu, minti 5 zuwa 10 kowane wuri, kowa ya zauna shiru. Kada ka ɗora shi a kan tebur mai rawa ko ka riƙe shi a hannu, motsin hannu kaɗai yana cika ma'aunin ƙasa da ƙarya.

Abin da kake nema a wannan awon lamba ce guda: Hz nawa ne dirin. Don haka kana buƙatar na'ura ko manhajar da take rarrabe sauti daki-daki, da makirfo na awo mai sauka har 20 Hz ko ƙasa. Makirfon cikin waya don murya aka yi shi, da yawansu suna yanke sautin ƙasa, saboda haka in wayar ba ta nuna komai ba, ba hujja ba ce. Kada kuma ka bi yatsan mai gida in ya nuna maka gabas. Zangon wannan sauti ya ninka tazarar kunnuwa biyu sau da yawa, cikin ɗaki ba a iya gane inda ya fito.

Idan ka sami lambar, ita za ta faɗa maka sunan injin. Layin da na'urar ta nuna tsayayye a 100 Hz, da 'yan rakiyarsa a 200 da 300, ƙarfe ne da kwayil a kan wutar 50 Hz: taransifoma, sitabilaiza, inbata, cok ɗin tsohuwar fitila, kontakta. Ƙarfen cikinsu yana miƙewa yana tsukewa sau biyu a kowane zagayen wuta, shi ya sa lambar ta ninka. A ƙasashe masu wutar 60 Hz, 120 za ka gani. Idan 48 ko 49 ne, inji ne mai juyi kusan 2,900 a minti, kamar injin tura ruwa ko kwamfireson firji. Idan 24 ne, mai juyi 1,450 ne, kuma galibi ya rasa daidaito ko gindinsa ya saki. Fanka lissafinta juyi a minti, sau yawan fukafukai, a raba da 60: babbar fankar sanyaya ruwa ta masana'anta mai juyi 300 da fukafukai 6 tana ba da 30 Hz. Janareton dizal mai juyi 1,500, in silinda 4 ne yana buga 50 Hz, in 6 ne 75, da wani layi a 25 daga juyin kansa. Lambar da take yawo sama da ƙasa kuwa, nemi na'urar sanyaya ɗaki irin mai sauya gudu.

Tambaye shi ko dirin yana zuwa yana komawa, wuu-wuu, ko a miƙe yake. Mai zuwa da komawa inji biyu ne masu gudu kusan ɗaya. Ɗaya a 48, ɗaya a 49, za su haɗu su rabu sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Wannan ya fi kowanne cin rai, kuma in an kashe ɗaya daga cikinsu bugun yana tsayawa nan take.

Sai gwajin kashe wuta, shi ma da dare. Sauke babban makunnin gidan, ka kashe inbata da abin da ke kan batir, domin su ba sa mutuwa da makunnin, ka jira minti uku komai ya tsaya cak. In dirin ya ɗauke, mayar da layukan ɗaya bayan ɗaya har ya dawo. In bai ɗauke ba, rufe bututun da ke shigo da ruwa, don rawar injin ruwan maƙwabta tana biyo bututu. Ɗauki doguwar sandar katako, ka kafa bakinta a bango ko a daɓe, ɗaya bakin a ƙashin da ke gaban kunnenka. Idan ka ji shi a sanda, ta jikin gini yake zuwa. Idan kuma buɗe taga ne yake ƙara shi, ta iska yake zuwa. Sandar nan ba ta shiga akwatin wuta, ka ji ni da kyau. Akwatin da yake zuzz, da ɗumi ko ƙaurin ƙuna, waya ce ta saki: yanke wuta kafin komai, wannan maganar gobara ce.

Kafin ka sa mutum ya kashe kuɗi, tabbatar da wanda kake zargi. Abokin aikinka ya tsaya wurin injin yana kunnawa yana kashewa sau goma bisa tsarin da shi kaɗai ya rubuta, mai gida yana ɗaki yana rubuta lokacin da ya ji da lokacin da ya daina, kai kana kallon layin a na'ura. In takardun biyu sun dace, kuma layin yana faɗuwa tare da su, ka kama shi. In ba a yi haka ba, sa rai kaɗai yana sa mutum ya ce ya ji sauƙi, bayan kwana uku ya sake kiranka.

Wurin gyara ne masu aiki suka fi yin ɓarna. Kowa sai ya tura guntun roba ƙarƙashin inji ya ce ya gama. Abin dubawa shi ne milimita nawa robar ko sifirin ɗin ya lotsa da nauyin injin ya hau shi. Lotsawar milimita 1 tana da nata kaɗawar a wajen 16 Hz, ta milimita 4 a 8 Hz, ta milimita 25 a 3 Hz. Dole lambar injin ta ninka wannan aƙalla sau uku, a nan ne ake tare kusan kashi 87 cikin 100 na jijjigar. Injin 24 Hz ke nan yana son lotsawar milimita 4 ko fiye. In ka sa masa roba mai tauri da ta lotsa rabin milimita, nata kaɗawar yana wajen 22 Hz, dab da na injin, sai jijjigar ta ƙaru maimakon ta ragu. Bayan haka bi duk hanyar da injin yake taɓa gini. Noti ɗaya da ya ratsa roba aka ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe ya rushe aikin duka. Haka bututun ƙarfe da aka kama da bango, haka bututun waya. Sa mahaɗi mai lanƙwasa a bakin shiga da bakin fita na injin ruwa, sa roba a cikin maƙalan bututu. Na'urar sanyaya ɗaki da aka rataye a bangon ɗakin kwana, sauke ta ƙasa a kan nata dandamalin ya fi kowace dabara. Kuma duba injin kansa: boris da ya cinye, fiffiken da datti ya yi wa nauyi gefe ɗaya, murfin kwano da ya saki.

Soso da katifar bango kuwa asarar kuɗi ce a nan. Kafin abu mai laushi ya shanye sauti sosai, kaurinsa sai ya kusanci rubu'in zangon, na 50 Hz mita 1.7 ke nan. Taga mai gilashi biyu ma tana iya ƙara dagula lamarin, domin tana tare hayaniyar titi da take rufe dirin, shi kuma ya wuce abinsa.

Wani lokaci za ka yi duk wannan ka ga tushen ba ya gidan, ba ya unguwar ma. Iska ba ta cin sautin ƙasa yadda take cin na sama, yana tafiyar kilomitoci, da dare kuma sanyin da ke kwance a ƙasa yana lanƙwaso shi. A birnin Windsor na Kanada mutane sun fara kuka da diri a 2011. Binciken da gwamnatin ƙasar ta ɗauki nauyi ya auna shi a wajen 35 Hz, ya kuma nuna tsibirin Zug da ke tsallaken kogi a ɓangaren Amurka, inda ake narka ƙarfe. Da aka kashe manyan tanderun wurin a 2020, dirin ya lafa. A Kokomo ta jihar Indiana, binciken 2003 ya gano 36 Hz daga fankar sanyaya ruwa ta wata masana'anta da 10 Hz daga kwamfireson iska na wata. An gyara su, amma wasu sun ci gaba da ji. A Taos ta New Mexico kuwa, inda kusan kashi 2 cikin 100 na mazauna suka ce suna ji, masana daga jami'ar jihar da ɗakunan bincike na Los Alamos da Sandia sun kafa na'urori a 1993 ba su kama wani sauti da ya dace da ƙorafin ba. Saboda haka kada ka yi wa mai gida alkawarin sha yanzu magani yanzu. Alkawarin awo na gaskiya za ka yi masa.

In na'ura mai kyau ba ta nuna kowane layi ba a lokacin da yake cewa ga shi nan yana ji, ka roƙe shi ya kwana biyu a wani wuri mai nisa, inda ba taransifoma ba masana'anta. Idan dirin ya bi shi da murya ɗaya, da alama daga cikin kunne yake, kuma wannan ba hauka ba ne ba ƙarya ba ce. Kunne yana iya haifar da nasa sautin mai kauri, wasu cututtukan kunne na ciki da na tsakiya suna kawo shi. A nan aikinmu ya tsaya, sai likitan kunne. Tambaye shi ko a kunne ɗaya ne, ko yana bugawa tare da zuciyarsa, ko akwai jiri ko raguwar ji. In ya amsa e ga ɗayansu, kada ya jinkirta zuwa asibiti, a duba har da hawan jini.

Ko an gano tushen ko ba a gano ba, akwai abin da zai rage masa wahala tun daren nan. A janye gadon daga kusurwa, kan gadon ya bar bango zuwa inda awonka ya nuna dirin ya fi rauni. Kada ya toshe kunne da abin toshewa, domin yana tare ƙananan sautukan ɗaki ya bar dirin shi kaɗai. Ya bar ƙaramar fanka mai shuu a kunne a kan abu mai laushi, ba a jingine da bango ba. Kai kuma ka bar masa takarda: ranar awo, ƙarfe nawa, wane wuri a ɗakin, Hz nawa, desibel nawa a A da C, da abin da aka kashe aka gwada. Da ita zai tunkari maƙwabci, ko kamfanin wuta, ko hukumar kula da muhalli, ko likita.