Tambayi Anti Dakta: An sa ni alƙalancin gasar fosta, me zan duba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Dakta, ya aiki ya sanyin Jos. Ni malama ce a wata makarantar koyon aikin lafiya, kwanan nan aka saka sunana cikin alƙalan da za su duba fostocin bincike na ɗaliban ajin ƙarshe, gasa ce har da kyauta. Gaskiya ban taɓa yi ba kuma takardar makin da aka raba mana layi huɗu ne kawai, wai kyau, tsari, bayani da amsa tambaya. Dan Allah ta ina zan fara? Bana so in zalunci ɗan kowa.
Malama daga Rikkos, Jos

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sanyi kam sai godiya. Toh ki fara da wannan layin na "kyau", kar ki bari ya cinye miki maki. Yanzu duk yaron da ke da waya da data zai shiga Canva, manhajar zane ta intanet, ya ɗauko tsari mai kala-kala, ko ya kai ma masu firintin na wajen Terminus su gyara masa su buga a fileks mai sheƙi, to wannan kuɗin aljihun babansa kike ba ma maki ba iliminsa ba. Abun dubawa a nan ɗan kaɗan ne: in kin tsaya tazarar mita ɗaya zuwa biyu kina iya karanta rubutun? Ido ya san inda zai fara da inda zai ƙare? Yawanci girman A0 ake cewa a yi, wato kusan santimita 84 da 119, in yaro ya kwashe firojet ɗinsa gaba ɗaya ya cusa a ciki da ƙananan haruffa ki rage masa ki wuce, shikenan.

Inda aikin yake shine tsakiyar fostar. Ni yanda nake yi, in na karanta kan maganar sai in tsallake kai tsaye zuwa ƙasa inda suka rubuta abun da suka gano, sannan in dawo tsakiya in ga ko hanyar da suka bi za ta iya ɗaukar nauyin wannan maganar. Sau da yawa ba ta iyawa. Misali yaro ya rubuta da manyan haruffa wai kashi 80 na iyaye mata a Jos ta Arewa sun san haɗin ruwan gishiri da suga, ki duba ki ga ashe matan da suka kawo yara rigakafi a asibiti ɗaya ya tambaya. To ai matar da ta goyo ɗanta ta zo rigakafi da ma ita ce mai jin maganar ma'aikatan lafiya, wadda ke can cikin lungun Gangare ko Angwan Rogo da ba ta zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinta ba ta shiga lissafin ba, kuma ita ce ake nema. Da ya ce "matan da suka zo wannan asibitin" da maganarsa ta tsaya da ƙafarta, ni da na ba shi maki mai kyau. Da ya ce Jos ta Arewa duka sai ya faɗi abun da bai auna ba.

Za ki yi ta cin karo da lamba 384 a fostocin nan a matsayin adadin mutanen da aka tambaya, wasu su ƙara kashi 10 saboda waɗanda za su ƙi amsawa ya zama 422, har ki ɗauka kwafar juna suka yi. Ba lallai ba, lissafi ne sananne, in ka ɗauka abun da kake nema yana jikin rabin mutane, ka yarda da kuskuren kashi 5, kana son tabbacin kashi 95, amsar da ke fitowa kenan. Amma wannan lissafin yana aiki ne in an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a yanda kowa ke da damar shiga. Kamar ɗanɗana miya ne, in an juya tukunya cokali ɗaya ya isa, in ba a juya ba ko ludayi goma kika ɗiba daga sama mai kawai za ki sha. Dan haka kar ki tsaya a kan mutum nawa, ki tambaye shi ya aka yi ya zaɓe su, wace unguwa, wane gida ya fara shiga kuma me ya sa, in ya tarar da mata uku a gida ɗaya wa ya tambaya. Yaron da ya tambayi mutum 120 ya iya faɗa miki wannan dalla-dalla ya fi mai 422 da ya tsaya bakin get yana tare duk wanda ya wuce.

Sai kuma kaso. Duk inda kika ga kashi kaza cikin ɗari ki nemi adadin da ke ƙarƙashinsa. Kashi 50 na iya zama mutum 2 cikin 4. Ki ɗan haɗa lambobin tebur ɗaya ma da kanki, wallahi za ki sha mamakin yanda jimla ke ƙin kaiwa adadin da aka rubuta a sama, kuma ba a faɗi inda sauran suka shiga ba.

Abun da ya fi kayar da yara shine kalmar "yana jawo". Yawancin binciken ɗalibai na zuwa ne sau ɗaya a yi tambayoyi a dawo, irin wannan zai iya nuna miki abu biyu suna tafiya tare, amma ba zai iya cewa wannan ne ya haifi wancan ba. Sai ki ga yaro ya sami p ƙasa da 0.05 a manhajar lissafi ta SPSS, wato alamar da wuya a ce dacewa ce kawai ta haɗa abu biyun, yana murna ya ja layi ja a ƙarƙashi. A ce ya gano gidajen da ke da gidan sauro sun fi yawan masu maleriya, shin gidan sauron ne ke kawo zazzaɓi, ko kuwa inda sauro ya fi yawa ne aka fi raba shi, ko mutane sai da yara suka kwanta tukuna suka je suka nemo? Ki jefa masa wannan tambayar ki yi shiru. Ba sai ya san amsa ba, so kike ki ga ko ya taɓa tunanin akwai wata fassarar bayan tasa. Ai shi ya sa har yau ake koyar da aikin likita John Snow na 1854 a Landan, lokacin da kwalara ta kashe sama da mutum 600 a kewayen famfon titin Broad. Kowa taswirar da ya zana ta inda mutanen suka mutu yake tunawa, ni abun da ke burge ni bai tsaya nan ba, ya bi diddigin waɗanda labarinsu bai dace da hasashensa na cewa ruwan famfon ne ke yaɗa cutar ba, har da wata tsohuwa da ta mutu can Hampstead nesa da unguwar, ashe ruwan wannan famfon ake kai mata kullum saboda tana son ɗanɗanonsa. In kika sami ɗalibin da ya nuna miki sakamakon da ya ba shi kunya kuma ya yi ƙoƙarin bayaninsa, ki buɗe hannu a makinsa.

Wajen amsa tambaya kuwa, kin san yanzu akwai masu sayen firojet a shago akwai masu sa ChatGPT ya rubuta musu, kuma ba za ki gane daga takarda ba. Tambayar da nake yi mai sauƙi ce, wace wahala ka sha a ranar farko da ka fita? Wanda ya je zai ce miki mai unguwa ya hana shi sai da ya kawo takarda, ko mazan gidan suka ce ba za a yi magana da matansu ba sai da ya nemo abokiyar karatunsa mace, ko matan suka ɗauka tallafi ya zo rubuta suna. Wanda bai je ba zai ce komai ya tafi daidai. Ki kuma tambayi da wane yare aka yi hirar da wanda ya fassara takardar tambayoyin, dan in Turanci aka rubuta kowane ɗalibi yana juyawa da ka yanda ya ga dama, to ba tambaya ɗaya aka yi ma mutanen ba.

Kafin ku rabu ku shiga layi, ku alƙalan ku tsaya gaban fosta ɗaya ko biyu tare kowa ya ba da makinsa ku kwatanta, saboda wani alƙalin 7 cikin 10 shine ƙoƙarinsa na ƙarshe wani kuma da 8 yake farawa. Ki rubuta maki nan take kafin ki matsa gaba, ki ba kowa minti iri ɗaya, in kin gaji ki sha ruwa ki huta dan na ƙarshen layi su ke shan haushin yunwar alƙali. In akwai ɗalibin da ke kike duba firojet ɗinsa ki faɗa tun farko wani ya karɓe ki a wannan fostar.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni fosta na yi kan sanin zazzaɓin Lassa tsakanin masu sayar da hatsi da abinci, kowa ya ce tawa ta fi kyau amma ko na uku ban zo ba. Wani alƙali ya ce wai na saka hoton yara da fuskarsu a fili kuma ban rubuta lambar izinin kwamitin ɗa'a ba. Wannan har ya kai a kayar da mutum? Ni ina ganin son kai ne kawai.
Ɗalibi daga Bukuru

AMSA: Ɗana ka yi haƙuri, na san akwai zafi, kuɗin firintin kaɗai ya isa ya sa mutum baƙin ciki. Ban ga fostarka ba kuma ban ga na waɗanda suka ci ba, amma a kan abu biyun nan da ka faɗa ina bayan alƙalin, da ni ce ma haka zan yi.

Maganar izini ba ƙa'idar ofis ba ce da aka ƙirƙiro dan a wahalar da ɗalibai, mu a Arewa mun san inda ta samo asali. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano. Kuma wannan labarin na cikin abun da mutane ke kawowa da aka ƙaurace ma allurar shan inna a 2003, ka ga abun da ya jawo ya wuce yaran da aka gwada. Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma bincike a kan mutane ko tambayoyi ne kawai sai kwamiti ya duba ya amince ko shi ya ce an ɗauke maka. Za ka ce ai ni ba allura na yi ma kowa ba. Haka ne, amma ka manna fuskar yaro ƙarƙashin rubutun Lassa da ɓera, wani ya ɗauka da waya ya saka a WhatsApp, gobe a ce gidan su wane ne ke da cutar, mamarsa mai sayar da abinci ta rasa masu saye. Ka tambayi iyayensa kafin ka ɗauka? In ma sun yarda, rufe fuskar ba ya rage ma bincikenka komai, kuma hoton buhunan hatsi a ƙasa ko abinci a buɗe ya fi nuna abun da kake magana a kai.

Maudu'inka kam mai kyau ne kar ka yar da shi, musamman a Jos. A 1969 aka fara gane cutar daga wata nas ta mishan da ta kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, nan Jos aka kawo ta ta rasu, sannan a 1970 ta ɓarke a asibitin Evangel da muke ce ma Jankwano har likita Jeanette Troup ta kamu bayan binciken gawa ta rasu. Shawarata in za ka sake, kar ka tsaya a "sun sani ko ba su sani ba", irin wannan binciken ya yi yawa kuma mutum zai ce maka ya sani alhali buhunsa na ƙasa a buɗe. Ka je da idonka ka ƙirga rumfa nawa ke ɗora buhu a kan katako, nawa ke rufe abinci da dare, nawa ke shanya a bakin titi, kuma ka yi da rani tunda lokacin ne cutar ta fi tashi. Ka nemi izinin tun kafin ka fita dan ba a bayarwa bayan an gama aiki.

TAMBAYA: Dakta ni Turancina ba ya fita in ina gaban mutane, duk abun da na sani sai ya gudu. Zan iya amsa ma alƙalai da Hausa?
Ɗaliba daga Tudun Wada

AMSA: 'Yata ki tambayi masu shirya gasar tun kafin ranar, wasu suna yarda wasu ba sa yarda, kuma a Jos ba kowane alƙali ne zai bi Hausarki in kin yi zurfi ba. Bayanin farko dai ki shirya shi da Turanci, minti uku ya isa: me kika tambaya, wa kika tambaya, me kika samu, me kike so a yi. Ki maimaita ma ƙawayenki a hostel har ya zauna, kar ki juya ma alƙali baya kina karanta fosta, ya iya karatu. In an yi miki tambaya kika maƙale ki ce a ba ki izini ki faɗa da Hausa, ni dai ban ga laifi ba tunda aikin da za ki yi gobe a asibitin unguwa da Hausar za ki yi shi. Lambobi uku kawai ki haddace, mutum nawa kika nema, nawa suka amsa, da babban sakamakonki, sauran in an tambaya ki nuna da yatsa a tebur.