Kalmar sirrin da kake iya karantawa, ɓarawo ma zai karanta

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Ina sayar da kaya ta shafin intanet, kuma kwastomomi suna buɗe asusu da imel da kalmar sirri. Kwanan baya wata ta manta tata, sai na shiga ɓangaren mai gudanarwa na karanto mata. Wani sabon mai haɗa manhaja da na nuna wa shafin ya ce wannan babbar ɓaraka ce, kuma wai kalmar sirrin rumbun bayanan ma a rubuce take cikin lambobin manhajar. Ya nemi kuɗin gyara. Shekara uku ke nan babu abin da ya faru. Gyaran nan dole ne, ko neman kuɗi kawai yake yi?"

Alhaji, ka biya a gyara. Mutumin nan gaskiya ya faɗa maka, kuma shaidar tana cikin tambayarka. Ranar da ka karanta wa matar nan kalmar sirrinta ka ɗauka taimako ka yi, amma abin da ya tabbata a ranar shi ne duk wanda ya kai ga rumbunka, wato inda shafin ke ajiye bayanan kwastomomi, zai karanta ta kowa kamar yadda ka karanta: yaronka na ofis, wanda ya fara gina maka shafin, da ɗan kutsen da ba ka taɓa gani ba.

Shafin da aka gina yadda ya kamata ba ya ajiye kalmar sirri ko kaɗan. Idan kwastoma ya rubuta tasa, sai a bi da ita ta wani lissafi da ke mayar da ita dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana, masu sana'ar suna ce masa hash, wannan jerin ake ajiyewa. Lissafin gaba kawai yake tafiya, ba ya dawowa baya. Kamar zanen yatsa ne: da shi za ka tabbatar wannan mutumin ne ya dawo, amma ba za ka zana fuskarsa daga gare shi ba. Gobe idan kwastoma ya sake shigowa, a sake lissafin, a gwada da wanda aka ajiye. Shi ya sa shafin kirki idan ka manta, sai dai ya aiko maka da mahaɗin zaɓar sabuwa, mahaɗin da ke mutuwa bayan ɗan lokaci kuma sau ɗaya yake aiki. Tsohuwar ba ya turowa, don shi ma bai san ta ba.

A 2009 an kutsa wani kamfanin Amurka mai suna RockYou, aka kwashe kalmomin sirri wajen miliyan 32 a rubuce ɓaro-ɓaro, irin yadda naka suke yanzu. Har yau masu fasa kalmomin sirri da wannan jerin suke fara gwaji.

To amma kada mai gyaran ya ce maka "na yi hash" ka saki jiki, domin lissafin ma iri-iri ne. LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, sun yi nasu da SHA-1, lissafi mai saurin gaske, kuma ba su sa abin da ake kira gishiri ba, wato wasu haruffan da ake zaɓa da ka a gauraya da kalmar kowane mutum kafin lissafi, don kada mutum biyu masu kalma ɗaya su fito da sakamako ɗaya. Da aka sace musu kalmomin sirrin a 2012, cikin kwanaki aka fasa mafi yawan miliyan 6.5 da aka fara bazawa. A wannan aikin sauri aibi ne. Kwamfutar ɓarawo tana gwada biliyoyin kalmomi cikin daƙiƙa ɗaya a kan lissafai masu sauri irin su MD5 ko SHA-1. Abin da ake so lissafi ne mai nawa da gangan, wanda kwastoma ba zai ji jinkirinsa ba don sau ɗaya yake shiga, amma mai gwada biliyoyi zai tsufa a kai. Sunayen da za ka saurara daga bakinsa su ne bcrypt, wanda yake nan tun 1999, ko Argon2, wanda ya ci gasar da masana suka shirya kan wannan aikin a 2015. Idan ya ce scrypt ko PBKDF2, su ma karɓaɓɓu ne. Idan kuwa ya ce shi ya ƙirƙiro tasa dabarar, ka nemi wani.

Ga inda wannan zai amfane ka wajen ciniki. Waɗannan lissafai kyauta ne, kuma a shirye suke cikin kayan aikin da ake gina shafuka da su. PHP yana da nasa tun 2013, Laravel da Django kuma da shi suke zuwa. Saboda haka ba kuɗin ƙirƙira za ka biya ba. Aikin da ya cancanci kuɗi shi ne juyar da tsofaffin asusun, goge kalmomin da ke fili, da bin sawun duk inda kwafinsu ya maƙale: tsofaffin kwafin ajiya na rumbun, fayilolin da ke rubuta abin da ke faruwa a shafin, da kwamfutar wanda ya yi maka aiki a baya. Wannan ɓangaren ne ake yawan mantawa. Facebook da kansa ya amsa a 2019 cewa kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane sun zauna a fili cikin na'urorinsa na cikin gida, kuma a 2024 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar Yuro miliyan 91 a kan haka.

Maganar ta biyu, ta kalmar sirrin rumbun, ta fi ba ni tsoro. Ita ba za a iya yi mata hash ba, tunda manhajar tana buƙatarta don ta buɗe rumbun. Wurin ajiyarta ne abin dubawa. Lambobin manhaja, wato rubutattun umarnin da ake gina ta da su, yawo suke yi: a tura wa wannan ta imel, a ɗora a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu, a bar kwafi a tsohuwar kwamfuta. A 2016 wasu suka samu makullan sirrin Uber, kamfanin motocin haya ta waya, cikin lambobin da injiniyoyinsa suka ajiye a GitHub, suka shiga ma'ajiyarsa da ke Amazon suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya ba su dala 100,000 su yi shiru, ya ɓoye maganar kusan shekara guda, daga baya a 2018 ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan 'yan layukan rubutu ce.

A cire ta daga cikin lambobin, a sa ta a fayil ɗin saiti da ke wajen inda masu ziyara ke iya kaiwa, ko a ma'ajiyar sirri ta kamfanin da ke ɗauke da shafinka. Sannan a canza ta a ranar, don gogewa kaɗai ba ta isa ba: tarihin lambobin yana riƙe da tsohuwar, wanda ya gina maka shafin ma ya san ta. Asusun da manhajar ke shiga rumbun da shi kuma a rage masa iko, ya karanta ya rubuta abin da yake buƙata, ban da goge rumbun gaba ɗaya. Rumbun kansa kada ya amsa kiran kowa daga intanet sai na shafinka. Babban asusun da ke wurin kamfanin da ke ɗauke da shafinka, wanda ke riƙe da komai, ya kasance da sunanka da imel ɗinka, da tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida kamar lambar da ke zuwa wayarka, shi mai aikin a buɗe masa nasa da za a rufe ranar da kuka rabu.

Shekara ukun da ka ambata ba ta kwantar min da hankali ba. Mai satar bayanai ba ya ɓalle ƙofa, kwafi yake ɗauka ya bar maka naka a inda yake. Satar LinkedIn ta 2012 sai a 2016 aka ga ashe asusu wajen miliyan 117 ne ake tallarsu. Kuma yawancin mutane kalma ɗaya suke sawa a wurare da yawa, don haka ta shafinka tana iya buɗe imel ɗin kwastoma, daga nan a kai ga kuɗinsa. Ƙasashe da dama yanzu suna da dokar kare bayanai, a Tarayyar Turai ma awa 72 ake ba kamfani ya sanar da hukuma bayan ya gano an yi masa kutse. Ka tambayi lauya abin da dokar ƙasarka ta ɗora maka.

Ku rubuta ayyukan nan a yarjejeniya, ka riƙe cikon kuɗin har sai ka gwada da hannunka. Buɗe asusu biyu na gwaji da kalmar sirri iri ɗaya, ka ce ya nuna maka su a cikin rumbun. Ya kamata ka ga dogayen jeri biyu da ba su yi kama da juna ba, masu farawa da $2y$ ko $2b$ idan bcrypt ne, ko $argon2id$ idan Argon2 ne. Sai ka danna wurin "na manta kalmar sirri" ka duba abin da zai shigo imel ɗinka. Idan tsohuwar kalmar ce ta dawo, bai gama ba.